OMNIWeb: Kyakkyawan Wurin Farawa ga Mai Neman Gajimaren Maganaɗisu a Iskar Rana

Duk wanda yake son gano lokacin da curin filasma (iskar gas mai cajin lantarki) da rana ta feso, wanda masana ke kira CME, ya ratsa ta kusa da duniya, da wuya ya sami wurin farawa da ya fi OMNIWeb, rumbun bayanai na kyauta da cibiyar Goddard ta hukumar NASA ke kula da shi. Ma'aunansa na awa-awa sun faro tun 1963, kuma tun daga ƙarshen shekarun 1990 yawancinsu suna fitowa ne daga kumbunan Wind da ACE, waɗanda ke shawagi kimanin kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta ɓangaren rana.

Gajimaren maganaɗisu wani nau'in CME ne mai tsararren maganaɗisu, wanda ke tafiya cikin iskar rana, wato ƙwayoyin da ke kwarara daga rana. Na jarraba rumbun da gajimaren 10 ga Janairu 1997, wanda ya biyo bayan CME ɗin da kumbon SOHO ya hango ranar 6 ga watan. Alamomi ukun gajimaren da masani Burlaga da abokan aikinsa suka bayyana a 1981 sun fito ɓaro-ɓaro a zane guda: ƙarfin maganaɗisu ya ɗaga, layin Bz, mai nuna karkatar maganaɗisu kudu ko arewa, ya nutsa kudu sannan ya juya sannu a hankali zuwa arewa cikin kusan kwana ɗaya, zafin furoton (ƙwayoyin da suka fi yawa a iskar rana) kuwa ya faɗi ƙasa da abin da saurin iskar ya kamata ya bayar. Ganin wannan juyi mai santsi bayan hargitsin da ya gabace shi, ko ɗalibin da bai ƙware ba zai gane cewa wani abu dabam ya iso.

Sai dai kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na CME ɗin da ke isowa suke nuna wannan siffa. Sauran sai an duba ilektoron da ke kwarara ta fuska biyu da kuma yawan cajin ƙwayoyin oksijin da na ƙarfe, waɗanda babu su a OMNIWeb, dole a nemo su a CDAWeb, wani rumbun bayanai na NASA. Haka kuma, inda ma'auni ya ɓace, kamar a guguwar rana ta ƙarshen Oktoba 2003, ana cike gurbin da lambobi irin 999.9, kuma wanda ya sa su cikin lissafi bai lura ba, sakamakonsa ya lalace.

Rumbun ba ya shata iyakar gajimare da kansa, saboda haka nakan kwatanta lokutan da na zaɓa da jerin CME ɗin da masana Richardson da Cane suka tattara, wanda ya faro daga 1996, duk da cewa su kansu masanan sukan saɓa da juna da awanni kan inda gajimare ya ƙare.