Golf GTI ƙirar 2007: abin da na gani bayan na saye ta a hannu

Motar da nake hawa Volkswagen Golf GTI ce ƙirar 2007, zubi na biyar, wanda ya fara fitowa a 2004. Ta hannu ce, ta sha tafiya kafin ta zo gare ni, amma har yau raina na yin fari duk sanda na tayar da ita. Wanda bai san mota ba zai ɗauka Golf ce kamar sauran. Jan layin da ya kewaye hancinta da kujerun yadi masu zanen murabba'i ne kawai ke tona mata asiri, kuma tun GTI ta farko ta 1976 ake wannan ado.

Daɗinta yana cikin injin. Lita 2 ne mai turbo, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin injin, ƙarfin doki 200, kuma ƙarfin yana zuwa tun injin bai kai juyi 2,000 a minti ba. Idan za ka wuce babbar mota, ka ɗan taɓa totur, kafin ka ankara ka bar ta a baya. A kwana kuwa ba ta tangaɗi, inda ka nuna da sitiyari nan take bi. Duk da haka tana ɗaukar manya huɗu, in ka kwantar da kujerun baya but ɗinta ya ci kaya sosai.

Sai dai tsohuwar mota irin wannan ba ta yafe sakaci. Tawa mai giyar DSG ce, mai canza kanta, wadda ake so a sauya mata mai duk kilomita 60,000. Wanda ya riƙe ta kafin ni bai damu da hakan ba. Na gane ne da ta riƙa fizga a cunkoso, musamman tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu. Da bakanike ya zubar da man, ya fito baƙi ƙirin. Aka sa sabon mai da sabuwar filta, fizgar ta ragu ƙwarai.

Abin da na fi so kowane mai saye ya sani shi ne wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai kama da murfin kwalba, da ke ƙarƙashin famfon da ke matsa fetur cikin injin. Yana cinyewa a hankali, in ya huje sai ya ɓata famfon har da sandar da ke tura shi. Duba shi aikin mintoci ne, don haka nake sa a ciro mini shi lokaci-lokaci in gani da idona. Haka bel ɗin tayimin: in babu takardar da ta nuna ranar da aka canza shi, ka canza shi tare da famfon ruwa tun kafin ka fara more motar.

Ƙasa take sosai, shokozobarta da tauri, kuma tana son fetur mai kyau da baƙin man da kamfanin ya ƙayyade. Ni na karɓi wannan da hannu biyu.

Idan za ka je duba wata, ka roƙi mai ita kada ya tayar da ita kafin ka iso. Ka saurari injin da sanyinsa, ka kalli hayaƙin salansa, sannan ka nemi takardun gyaranta kafin a fara maganar ciniki.