Ozempic ko Mounjaro?

Dukansu allurai ne na ciwon suga masu rage ƙiba, sau ɗaya ake yinsu a mako, a fatar ciki ko cinya. Ozempic na kamfanin Novo Nordisk ya riga fitowa, Amurka ta amince da shi a 2017, Mounjaro na Eli Lilly sai 2022. Mounjaro ya fi zabge ƙiba, don sinadaran hanji biyu yake kwaikwaya, Ozempic ɗaya. Tashin zuciya kuwa, ba wanda ya bar wani. Loma uku na tuwo, ka ture kwano.

Ni ajiya ta fi damuna. Alƙalamin allurar Ozempic da aka fara amfani da shi yana jure kwana 56 ba firji, muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. To, a Kano, watan Afrilu, ga ba wuta?