Ta fim ko dijital, in akwai leza a filin biki

Ƙanena, tunda ka ce DJ ɗin da za a ɗauko bikin yayarka yana da fitilar leza, kuma kana tsakanin tsohuwar kyamarar fim ta babanku da dijital ta hannu da aka yi maka tayi, to wallahi ka riƙe ta babanku.

Ni ta fim, Yashica FX-3, gare ni, da ita na yi wani biki a ƙauye gefen Ringim, bayan isha an tada janareto, koren lezan nan sai yawo yake a kan mutane kamar mazari, yara na binsa da gudu. Fim ɗin Kodak Gold 200 na saka, mai hoto 36. Da aka wanko, ɗaya tak lezan ya taɓa, wani koren zare ya ratsa ta kan babbar rigar ango har zuwa hularsa, sauran 35 fes. Uwar amarya ma wannan ɗin ta ce a ƙara mata girma, yana nan a ɗakinta har yau.

Dalili kuwa, fim ƙwayoyin sinadarin azurfa ne aka shafa a jikin leda, na kala hawa uku ne, wani na jin shuɗi wani kore wani ja. Leza haske ne mai launi guda, koren nan da ake yayi galibi hawan kore yake bugawa ya bar tabonsa a wurin, shi ma sai in ya shigo a ɗan ƙiftawar da shata, wato ƙofar da ke barin haske ya kai ga fim, ta buɗe. Kana juya hannu sabon fim ya zo gaba, wancan ya tafi da ciwonsa. Ai ko injinan wankin hoto irin Fuji Frontier da leza ja da kore da shuɗi suke rubuta hoto a kan takarda, kaga ba baƙon juna bane.

Dijital dai tana da sauƙi, ka ɗauka ka gani nan take, iyakarta kenan. Sensa ɗaya gare ta, wato abin da ke karɓar haske a madadin fim, in leza ya ƙona ta shikenan. Tawa dijital ɗin irin mara madubi a ciki ce, dare ɗaya na yi bidiyo da ita, washegari layi ya fito tun daga sama har ƙasa a kowane hoto, kuɗin canjin sensa da aka faɗa min sai da na zauna.

Kuma don Allah ka yi hattara da masu saida na hannu. Wasu sun san sensa ta ƙone, sai su nuna maka hoton kasuwa mai tarkace inda layin zai ɓuya. Ka ɗauki farin bango, ka rufe murfi ka sake ɗauka, ka zuƙo ka duba da kyau kafin ka miƙa ko sisi. Fim ma ka duba kwanan watan kwalin, wanda ya sha zafin shago launinsa gurɓacewa yake.

Abu ɗaya da nake roƙonka, kar ka leƙa ramin kyamarar in lezan na fuskantarka, madubin ciki kai tsaye yake kawo shi idonka. Ka samu DJ tun da rana ka ce ya ɗaga fitilar sama da kawunan mutane, ka sayi fim biyu, kuma ka nemi mai wankewa a birni tun kafin ranar.