Amurka na bin ƙarfen, Ingila na bin kuɗin

Malam, ka tambaya wace doka ta fi hana cinikin kayan motar sata, ta Amurka ko ta Ingila. Ba ta ƙofa ɗaya suka shigo ba.

Amurka kayan ta bi. Dokar 1984 ta tilasta wa masu ƙera motocin da aka fi sacewa su sa lambar shasi a manyan sassa: inji, giyabos, ƙofofi, bonet, bamba. Lambar nan mai harufa da alƙaluma 17 da kake gani ta gilashin gaba, ita ce dai a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙofar. Takardar kuma an yi ta yadda in an ɓamɓare za ta yage, ta bar tabo. A 1992 aka ƙara tsauri: buɗe garejin daddatsa motocin sata ya zama laifin tarayya, ɗauri har shekara 15.

Ingila da Wales mai saye suka tare. Dokar 2013 ta ce duk mai cinikin tsohon ƙarfe, har da masu kwance motoci, sai ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukuma, ya tabbatar da suna da adireshin wanda ya kawo kaya, ya ajiye bayanin shekara uku. Babban abin kuwa, ba biya da tsabar kuɗi. Ceki ko turawa ta banki kawai. Ka ƙaddara a Panteka ta Kaduna a ce wa mai kawo kaya sai da katin shaida da lambar asusu, rabin masu zuwa da magariba sai su canza hanya.

A ganina ta Ingila ta fi cizo, don ɓarawo kuɗin hannu yake nema, ba ƙarfe ba. Ta Amurka sai an kama kayan take amfani, a nan ne take zama hujja a kotu. Kuma tana da giɓi: abin cikin salansa da makanikanmu ke kira indomi ba ya cikin jerin sassan, alhali minti biyu ya isa a yanke shi saboda ma'adinai masu tsada da ke ciki. Ta Ingila ma ba ta tsira ba, tunda marar lasisi ba ruwansa da ceki, haka mai cika kwantena ya fitar waje.

In tokumbo 'yar Amurka za ka saya, buɗe ƙofar direba ka gwada lambar da ke jiki da ta gilashi. In ka ga wurin takardar ya yi fayau kamar an goge, tambayi dillali dalili kafin ka ƙirga kuɗi.