MSc ko mastas ɗin ma'aikata? Amsa ga ƙanenmu na Agege

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, sai yanzu Allah ya ba ni zama. Ka ce ka karanci Kimiyyar Siyasa a Kano, bautar ƙasa ta kawo ka Legas, ka samu aiki a Ikeja kana zaune a Agege. Yanzu kana son digiri na biyu, amma ka rasa wanda za ka cika tsakanin MSc, wato mastas na bincike, da irin su MPA (gudanar da mulki) da MPIA (harkokin gwamnati da na ƙasa da ƙasa) da ake shiryawa don ma'aikata. A ƙarshe kuma ka ɗan saƙa cewa ranka na son koyarwa a jami'a wata rana. Wasu sun ce maka ai mastas mastas ne. Ni ma da bakina na taɓa faɗin haka, kuma maganar ta ci ni.

Abin da ya faru da ni shi ne, na yi irin na ma'aikatan a wata jami'a, karatun yamma, na gama da sakamako mai kyau har aka yi walima. Bayan shekara biyu na ɗauki takarduna na je neman gurbin digirin digirgir. Ma'aikacin da ya karɓa ko zama bai ce in yi ba, ya duba ya miƙo mini, ya ce wannan ba ta kai mutum can. Haka na dawo na sake MSc daga tushe, ga iyali ga kuɗin haya. Ba wanda ya cuce ni, ni ne ban tambaya ba.

To a nan bambancin yake. MSc hanya ce mai wucewa: daga ita sai digiri na uku, in makinka ya kai abin da jami'ar ta gindaya, kuma ita ake nema wurin ɗaukar malamin jami'a. Na ma'aikata kuwa a yawancin jami'o'inmu tashar ƙarshe ne. Yana da amfaninsa sosai wurin ƙarin girma a ofis, ko neman aiki a ƙungiyoyin agaji da ofisoshin jakadanci da kamfanoni, amma ba don samar da masu bincike aka gina shi ba.

Ko a cikin aji ma za ka ga ba tafiyarsu ɗaya ba. A MSc za a mayar da kai kan tunanin su Aflatun da Aristotal da Hobbes da Marx, wannan karon ba haddar sunaye ba, sai ka tsaya gaban aji ka kare abin da ka fahimta. Za ka haɗu da malaman gida irin su Claude Ake da Billy Dudley da Peter Ekeh. Shi Ekeh, a 1975, ya yi bayanin abin da kowannenmu ya sani a aikace: mutumin da ba zai taɓa sisin ƙungiyar garinsu ba saboda kunya da tsoron Allah, shi ne dai zai ɗauki kuɗin gwamnati a matsayin ganima, har a yaba masa in ya kawo gida. Irin wannan karatun ne zai sa ka riƙa kallon rikicin shugabancin kasuwa ko na kwamitin masallaci da wani ido daban. Sannan ga dabarun bincike da ƙididdiga, inda yawancinmu da muka gudo daga lissafi tun sakandare muke sake cin karo da shi. A na ma'aikata kuma abin ya fi karkata ga aiki: yadda ake tsara kasafin kuɗi, yadda ake rubuta manufa a aiwatar, dokokin aikin gwamnati, hulɗar jakadanci. Ka koya yau, gobe ka gwada a teburinka.

Wurin kundin bincike ne aka fi jin jiki. Na ma'aikata akwai rubutun kammalawa, amma bai kai nauyin na MSc ba. A MSc sai ka gabatar da tsarin bincikenka an yi masa kaca-kaca, ka gyara, ka fita tattara bayanai, ka rubuta, malamin da ke duba aikinka ya dawo maka da shi da jan biro, sannan a gayyato wani malami daga wata jami'a ya titsiye ka. A takarda za ka ga shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A zahiri tsawon zamanka yana hannun abu biyu: naka ƙoƙarin, da kuma samun wanda ke duba ka a ofis. Kafin ka cika fom, shiga sashen ka tambayi ɗaliban da ke rubutu yanzu wane malami ne ke karanta babi ya mayar a kan lokaci. Wannan tambayar ta fi sunan jami'a muhimmanci. Ga kuma yajin aiki: na ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma duk wanda ke tsakiyar kundi a jami'ar tarayya a lokacin ya san ɗacinsa.

Kuɗi kuwa, na ma'aikata ya fi tsada, don an san masu albashi ne ke zuwa. Kada ka sa rai da TETFund, asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, nasu tallafin na malaman manyan makarantun gwamnati ne.

Inda na ma'aikata ya yi wa MSc fintinkau shi ne lokaci da mutane. Ana yin sa da yamma ko ƙarshen mako, ba sai ka roƙi maigidanka ya sake ka da rana ba. Abokan ajinka kuma jami'an kwastan ne da na shige da fice, ma'aikatan sakatariyar gwamnatin Legas da ke Alausa, 'yan banki, 'yan jarida. Lambar waya ɗaya daga wannan ajin tana iya yi maka abin da takardar kanta ba ta yi ba. Ni kaina har yau ina cin moriyar mutanen ajin nan da na ce na yi nadamarsa.

Sai batun inda za ka yi, wanda a Legas ba a raba shi da batun hanya. Jami'ar Legas da ke Akoka ta tarayya ce, an kafa ta a 1962. LASU, jami'ar jihar Legas da ke Ojo, an kafa ta a 1983 zamanin Gwamna Jakande. Dukansu suna da sashen Kimiyyar Siyasa. Daga Agege, tun da jirgin ƙasan nan na Red Line ya fara ɗaukar fasinja a 2024, kana iya hawa ka sauka Yaba, daga nan Akoka ba nisa. Ojo kuwa sai ka bi ta Iyana-Ipaja da Egbeda da Igando, kuma ka san yadda hanyar nan take da yamma. Da a Alaba Rago kake zaune da sai in ce maka akasin haka, don su LASU maƙwabciyarsu ce. In kuma hulɗar ƙasashe ta fi jan hankalinka, kusancin Akoka da tsibiri wani ƙarin alheri ne, saboda ɗakin karatu na NIIA, cibiyar nazarin harkokin ƙasa da ƙasa ta Najeriya, da ke titin Kofo Abayomi a Victoria Island, wadda aka kafa tun 1961.

Na san akwai masu ce maka ka koma BUK ko ABU, ga cibiyoyin bincikensu, Gidan Mambayya a Kano da Gidan Arewa a Kaduna. Gaskiya ne in bincikenka kan NEPU ne ko Sardauna ko masarautu, can kayan aikin suke. Amma kada ka raina abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. A 1969 wani masanin al'umma, Abner Cohen, ya fitar da bincikensa kan Hausawan Sabo a Ibadan, yadda suka riƙe cinikin shanu da goro ta hanyar masu masauki da sarkin Hausawa da ɗariƙar Tijjaniyya, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Shi sai da ya zo daga nesa. Kai kuwa kana sallar Juma'a a Agege. Wa ke magana da yawun Hausawan Legas wurin gwamnati, sarakunan Hausawa ne ko shugabannin kasuwa ko 'yan jam'iyya? Me ya sauya bayan rikicin Ketu na 1999, da na Idi-Araba na 2002, da na Mile 12 na 2016? Hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a Yunin 2022, ina ya tura yaranmu? A zaɓen 2023 da Peter Obi ya zarce Tinubu a Legas da tazarar ƙuri'u ƙasa da dubu goma, ina ƙuri'ar 'yan Arewa ta faɗa, kuma wa ya ja ta? Dattijon da zai rufe baki in ɗalibi ya zo masa da Turanci da takardar tambayoyi, kai zai ba ka tabarma ya sa a kawo shayi. Irin wannan aikin kuwa MSc ce ke da wurinsa.

Don haka tunda ka ambaci koyarwa, ni dai MSc nake ba ka shawara, kuma Akoka ta fi maka sauƙin zuwa. Ka zauna da maigidanka tun yanzu kan ranakun lakca, kada sai an fara. In ya ƙi, kuma aikin nan shi ke riƙe da gida, ka yi na ma'aikatan da idonka a buɗe, ka san abin da ka saya.

Kowanne ka zaɓa, za a nemi takardar kammala bautar ƙasa, kuma MSc galibi tana son aƙalla digiri mai daraja ta biyu. Abin da ya fi ɓata wa mutane lokaci shi ne takardar bayanin maki daga tsohuwar jami'a. Ka nemi taka a satin nan, ka kuma sa wani ɗan'uwa a Kano ya riƙa leƙa ofishin yana bibiya har a turo.