Yaya, na gano inda Kawu ya tsaya a hoton nan

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Hajiya da yara. Hoton marigayi Kawu da ka turo mini, wanda yake sanye da kwat a bakin wata ƙatuwar ƙofar katako cikin ruwa, alhamdu lillahi na samo wurin, har na je na tsaya inda ya tsaya.

Bari in fara gaya maka mene ne abin. A Ingila akwai hanyoyin ruwa da aka haƙa da hannu tun kafin zuwan jirgin ƙasa, don jigilar kwal da ulu. Inda hanya ta ci karo da tudu sai a gina wani abu kamar zaure mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a sako ruwa daga sama har ya ɗaga shi, sannan a buɗe ya wuce. Madatsar Kainji ma an yi mata irin wannan mashiga. Matsalar ita ce a nan sun fi dubu, kuma duk kusan kamarsu ɗaya.

Laburaren garin da nake zaune a nan Ingila na kai hoton. Ko sisi ba su karɓa ba. Wata dattijuwa ta ɗauko gilashin ƙara girma, ta zauna da ni kusan awa guda kamar kawunta muke nema. Ta ce in dubi faɗin zauren: ƙofar ƙyaure biyu ce mai faɗi, wajen ƙafa 14, ba irin ta ƙafa 7 da ke yankin Birmingham ba. Ginin dutse ne, ba bulo ba, wato arewacin Ingila ke nan. Sai muka ƙirga ƙofofin da ke bayan Kawu, suna hawa a manne da juna babu fili a tsakani, ƙofar saman wannan zaure ita ce ta ƙasan na gaba. Mashigar Foxton da ke tsakiyar Ingila ma haka take, amma tata siririya ce kuma ta bulo. Sai ta ce Bingley ce, kusa da Bradford. Ta buɗe mini tsofaffin taswirorin gwamnati da Babban Laburaren Scotland ya zuba a intanet kyauta, muka ga masaƙar da bututun hayaƙinta ya fito a gefen hoton. Ka tuna koyon aikin masaƙa aka tura Kawu daga Kaduna.

Ranar Asabar na je. Zaure biyar ne a jere, suna ɗaga jirgi ƙafa 59, an buɗe su a 1774, a kan hanyar ruwan da ta haɗa Leeds da Liverpool mai tsawon mil 127. Har yau da hannu ake murɗa ƙarfen sakin ruwa, da baya ake tura gungumen ƙyauren. Hukumar Canal & River Trust ke kula da wurin tun 2012, kuma da yawa daga masu taimaka wa jirage 'yan sa kai ne. Ɗaya daga cikinsu ya dubi hoton a wayata, ya kai ni zaure na biyu daga ƙasa, ya nuna mini dutsen da ƙafar Kawu take kai. Yaya, hawaye na yi.

Kada ka ɗauka komai a nan sauƙi ne. Kuɗin tikitin jirgin ƙasa na ranar ya isa cefanen gidanmu na kwanaki. Da na nemi a goge tabon ruwan da ke jikin hoton a sake wanke shi, kuɗin da aka yanka mini ya sa na fasa. Mai hoton bakin kasuwarmu zai yi shi da kyau a kan kaɗan daga ciki, kuma ya gama kafin la'asar. Aikin hannu gida ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma adana takarda da samun mai zaunawa ya duba maka, a nan suka fi mu, kuma abin yana damuna.

Don Allah ka buɗe akwatin ƙarfen Kawu kafin damina. Ka fitar da hotuna da wasiƙu daga ƙarƙashin gado saboda gara, ka ɗauke su a waya gaba da baya. Ka zauna da Hajiya ta faɗi sunan kowa, ka rubuta da fensir, ban da biro.