Kan tsauni ko cikin kwari, ina ya fi ganin tsuntsaye masu ƙaura?

Ɗan'uwa da ka tambaya wai in mutum zai je kallon tsuntsayen da ke komawa arewa, wato Turai da Asiya, daga Maris zuwa Mayu, gara ya hau can saman dutse ko ya tsaya a kwari, to gaskiya ba tsuntsaye iri ɗaya za ka gani ba, kuma ba lokaci ɗaya ba.

Saman dutse na manya ne, su shirwa, mikiya, shaho kala-kala. Waɗannan ba sa son kaɗa fiffike, jira suke rana ta gasa duwatsu iska mai zafi ta fara tashi sama, sai su buɗe fiffike su yi ta kewaye tana ɗaga su, in sun kai ƙololuwa su sulale zuwa ta gaba, haka dai har su ci doguwar tafiya ba su gaji ba. Shi ya sa ko ka yi sammako ba abin da za ka tarar sai wajen ƙarfe 9 ko 10. Kuma teku ba ya ba da irin wannan iskar, dole su taru inda ruwa ya fi ƙunci, kamar mashigin Jibralta da ke tsakanin Maroko da Spain, mai faɗin kilomita 14 kacal, ko su kewaye ta duwatsun Eilat a arewacin Bahar Maliya, inda mikiyar da ke zuwa daga Afirka take wucewa tun Fabrairu da Maris, shahon nan mai tonon gidan rina kuma sai farkon Mayu. In ka dace da rana, wallahi sama cika take yi har wuyanka ya ƙage. In kuma hazo ya sauko ko iska ta juya, sai ka wuni ba komai. Ka tafi da rigar sanyi, duk hawan mita 1000 zafi na raguwa da kusan digiri 6.

Kwari kuwa na ƙanana ne, kuma ni nan zuciyata ta fi karkata. Yawancinsu da dare suke tafiya, gari na wayewa sai su faɗo inda akwai ruwa da ganye da ƙwari, a gajiye da yunwa, ga shi kwari ya riga saman dutse yin kore, wani lokacin can sama ƙanƙara ma ba ta gama narkewa ba. Za ka ga ɗan tsuntsu da bai wuce giram 10 ba, ya tsallako Sahara, yana kiwo a reshe gabanka bai ma kula ka ba. Amma fa sai ka fito da asuba, sai ka yi shiru, kuma kunne ya fi ido aiki don ganye na ɓoye su. Don Allah kar a riƙa kunna musu kuka a waya ana janyo su, ƙarfin da ya rage musu na tafiya ne.

Kayan aiki: a kwari madubin hangen nesa na hannu mai lamba 8x42, wato mai kusanto da abu sau 8, ya wadatar, a sama in ba ka da babban nan mai ƙafa uku, ɗigo-ɗigo kawai za ka riƙa gani.

Tunda ka ce sabon shiga ne kai, fara da kwari daga asuba zuwa ƙarfe 9, in rana ta buɗe ka hau sama.